Tankin da Bala Ya Kulle

Bala ya gaji lambu kamar yadda ake gadon tsayi, bai yi komai ba aka ba shi. Mahaifinsa ya zo Jos haƙar kuza, da kuza ta ja baya sai ya sauka bakin rafin da ke gangaren Rikkos, ya sare ciyawa ya shuka karas. Daga baya masu lambun wurin suka kafa ƙungiya, suka yanka filin kashi-kashi, kowa da takardarsa. Kashi na tara shi ne na Bala, kuma da shi kaɗai yake ciyar da gidansa.

Yadda yake wankin karas kowa ya sani. Zai ɗura shi a buhu, ya jefa a rafi, ya hau yana tattakawa har ƙasar ta fita, sannan a ɗora a mota sai kasuwar Farin Gada. Rafin kuwa sai da ya kwashi duk abin da magudanan unguwa suka zubar kafin ya iso wurinsa. In an yi masa magana, amsarsa ɗaya ce: "Ruwa mai gudu ba ya riƙe dauɗa." Yana faɗinta da muryar wanda ya sauke littattafai.

A daminar 2004 amai da gudawa ya shiga unguwa. An binne yara, cikinsu har da Fiddausi, 'yar shekara shida, mai son gatsar ɗanyen karas a hanyar makaranta. Bala ya je gaisuwa da farar riga, ya fi kowa daɗewa a addu'a. Da ya koma gida ya ce wa matarsa Hussaina daga yau karas ɗin da za a ci a gidan nan kada ya fito daga buhunsa.

Sai ƙungiya ta zauna da duba-gari aka kafa doka. Ban ruwa da rafi an yarda, amma wankin kayan lambu sai da ruwan rijiya ko na burtsatse, a tanki mai murfi. Wanda aka kama ya saɓa, a karɓe takardarsa.

Dalyop, maƙwabcinsa mai kashi na goma, ya ɗauki diga ya yi mako uku yana haƙa rijiya. Bala yakan leƙa ramin ya ce, "Dalyop, kuzar ta dawo ne? In ka samu ka tuna da mu."

"Malam Bala, ka dai bari," in ji Dalyop daga ƙasa.

Shi Bala kafin kowa ya motsa har ya sayo tanki shuɗi, ya ɗora shi kan bulo a bakin hanya, ya sa mai fenti ya rubuta masa TSAFTA CIKON ADDINI. Ya cika shi sau ɗaya, ya datse da kwaɗo don kada ruwan ya ragu, ya koma rafi da buhunsa. Duba-garin lokacin yakan zo ran Talata, ya ƙwanƙwasa tankin ya ji shi cike, ya karɓi kabeji biyu ya wuce. Bala ya shiga ganin kansa mutum mai basira. A gida kuwa karas ɗin Dalyop ake ci.

Da rani aka sauya duba-gari, aka kawo wata Madam Fibi. Ita ba ta ƙwanƙwasa komai ba. Tsugunawa ta yi ta dubi ƙasan famfon tankin, ta ga ta bushe har ta tsage. Ta leƙa bakin famfon, ta tarar zanzaro ya gina gidansa na laka a ciki.

"Malam Bala, tun yaushe ka ba zanzaro masauki?"

"Ranki ya daɗe, jiya-jiya ya gina. Zanzaron Jos akwai sauri."

Ta taka zuwa buhun da ke ɗigar ruwa, ta zaro karas guda ta miƙa masa. "Da ruwan tanki ka wanke?"

"Ƙwarai kuwa."

"To bismillah, ci."

Bala ya dubi karas ɗin kamar an miƙo masa kunama. "Ai azumi nake."

"Ran Talata?"

"Ramuwa ce."

"Da goro a baki?"

Masu lambun da suka taru babu wanda ya yi dariya, don da yawansu sun je jana'izar Fiddausi. Aka sa ya buɗe kwaɗon. Ruwan wata bakwai ya yi kore, warinsa ya kori na kusa. Nan take sakataren ƙungiya ya nemi takardar kashi na tara, Bala ya ciro ta daga aljihu ya miƙa.

Wata bazawara aka ba kashin, tana jan ruwa a rijiyar Dalyop. Bala yanzu yana zama a kan benci a Farin Gada yana nuna wa masu lodi inda za su ajiye buhunan wasu. Duk wanda ya zauna kusa da shi zai ji cewa hassada aka yi masa, kuma duk bakin rafin nan shi ya fara bin doka. Shaidarsa tana nan a tsakar gidansa, shuɗiya, rubutun bai goge ba.