Sunan Malam Bukar da Ya Fita Daga Jeri

Maigadin ofishinmu ne ya gaya mini. Na shigo da safe ina sauri, ya tare ni a bakin ƙofa yana yi mini gaisuwar rashi. Na ce rashin wa? Ya dube ni kamar bai yarda ba, ya ce Malam Bukar na Shahuci, ai har an yi sadakar uku. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mu da muke tinƙaho cewa babu na'urar da za ta yi tari ba mu ji ba, mutumin da ya koya mana aikin ya kwanta ciwo, ya rasu, an binne shi, sai a bakin maigadi muka ji.

Na fara aiki a hannunsa ne bayan soja sun koma bariki, lokacin da shagunan intanet ke buɗewa ko'ina. Kamfaninmu, can wajen Ƙofar Nassarawa, yana kula da manyan kwamfutocin da ake kira saba, na makarantu da asibitoci da 'yan kasuwa. Sun yi yawan da ba za a bi su ɗaya-ɗaya ba, don haka akwai jerin sunayensu. Sai ka tace waɗanda kake so, ka ba da umarni sau ɗaya, ya sauka a kansu gaba ɗaya. Aiki ne mai sauƙi, kuma da shi ake yin ɓarna kafin shayi ya huce.

Malam ba ya gaggawa. A bayan idonsa "Sai An Duba" muke ce masa, na kuma tabbata ya sani. Ba ya barin a taɓa na'urorin asibiti ranar awo. Ba ya sakin babban umarni da safiyar Juma'a, don in abu ya lalace kowa yana masallaci. Ni kaɗai ce mace a ɗakin, kuma ranar da wani ya aike ni dafa shayi, Malam ya miƙe ya dafa da kansa. Ba a sake aikena ba.

Yakan ce, "Umarni ba shi da ido, Hadiza, ke ce idonsa." Kafin in danna komai sai na karanto masa waɗanda na zaɓa, sannan in karanto waɗanda tacewar ta zubar. Na biyun ne ke ƙona mini rai. Wata rana na yi ƙorafi, sai ya ce, "Wanda kika zaɓa bisa kuskure zai yi ihu, ki ji. Wanda kika tace ya fita, shiru zai yi." Ta haka ya gano sabar wata makarantar 'yan mata a Gwammaja da ta daɗe a wajen jeri babu gyara. Ya hau Vespa ya je ya bai wa shugabar haƙuri, ita kuwa ba ta ma san an manta da ita ba.

Da idonsa ya yi rauni ya ajiye aiki, ina da ciki a lokacin. Ƙa'ida ce a cire sunan wanda ya tafi daga jerin ma'aikata, an kuma cire. Sai dai da wannan jerin muke aika saƙon biki da suna da barka da Sallah. Babu wanda ya zauna ya ce a yar da Malam. Kowa ya aika wa "duka", ya ɗauka ya sauke nauyi. Ni ma da na haihu haka na yi.

Na je ta'aziyya ina jan ƙafa. Na so a ce matarsa, Hajiya Yagana, ta yi mini faɗa, da na fi samun sauƙi. Sai ta riƙe hannuna tana cewa 'yata, ta tambayi aiki, ta tambayi maigidana. Ta ce Malam ba ya rabuwa da zancenmu, in ta ce yaran nan sun yi shiru, sai ya ce aiki ne, in na'urori suna lafiya ai ya ji daga gare mu. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da wata leda.

"Tun kina da ciki ya saya. Ya ce a ajiye sai kin aiko da ranar suna."

Kayan jarirai ne, da 'yar hula da safa. 'Yata yanzu da gudu take zuwa ta tare ni a zaure. Kunya ta hana ni ɗaga kai.

Allah Ya jiƙan Malam Bukar, Ya yafe masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah Ya bai wa Hajiya Yagana da 'ya'yansa haƙuri, Ya tsaya musu, Ya haɗa su da masu tunawa da su fiye da yadda muka tuna da shi. Mu kuma Allah Ya yafe mana. Ya Allah, ranar da za a kira sunayen bayinKa na gari, kada a tsallake nasa. Amin.