Kiɗan majami'a a sahun La'asar

Yanzu idan waya ta yi ƙara a masallacin unguwarmu ta Mansur a Makka, mai ita kan ji kunya, a harare shi, a wuce wurin. A shekarun da aka tsananta kamen marasa iƙama, wato takardar zama, ba haka abin yake ba. Duk abin da zai sa a juyo a dube ka haɗari ne, domin daga kallo sai tambaya, daga tambaya kuma sai a sa ka a mota.

Ɗan ƙanwata a Makka aka haife shi. Bai taɓa ganin Kano ba, kuma ba shi da takardar zama. Gyaran na'urar sanyaya ɗaki yake yi. Larabcinsa ya fi Hausarsa, Turanci kuwa ba ya ji ko kaɗan. Bayan rasuwar mahaifinsa sai ya koma kullum kunnensa a toshe, yana sauraron wani abu a waya. Wata rana na karɓa na saurara.

Kiɗa ne mai nauyi, mai jan ƙafa. Ganga tana faɗuwa a hankali kamar ana sauke buhuna daga mota, wani mutum kuma yana gurnani daga can cikin maƙogwaro. Amma a ƙarƙashin wannan akwai gogen Turawa, da babban abin kiɗan nan mai bututu na majami'u. Na yi shekaru ina aiki a tashar jiragen ruwa ta Hamburg, ɗakina yana kallon wata majami'a, don haka kunnena ya san sautin. A Legas ma na ji kiɗan coci, sai dai na can rawa ake yi da shi, wannan kuwa makoki ne. Na tsinci kalmomi: gicciye, kabari, jini.

Na ce masa, "Kai yaro, wannan waƙar Kiristoci ce. Ka kiyaye."

Ya yi dariya. "Kawu, wa zai gane? Ni kaina ban san me yake cewa ba. Kuka kawai take sa ni, in ji sauƙi."

Ashe farkon waƙar ya mayar ƙarar kiran wayarsa. Muna cikin sujadar La'asar ta fara, daga jakar kayan aikinsa da ya ajiye jikin ginshiƙi a baya. Babu mai iya tashi ya kashe. Muryoyin mata suka hau sama a hankali, abin kiɗan majami'a yana bin su, har suka rufe kabbarar liman. Ta tsaya, ta sake farawa. Yaron yana gefena a sahu.

Ana sallame sallah wani mai shago ɗan Sham ya miƙe. Cikin Kiristoci ya girma, shi ma ya san sautin.

"Wayar wa ce? Kiɗan kanisa ne wannan! A Makka?"

Wani ya ce a kira masu sintiri. Kowa a layinmu ya san jakar, har da tabon mai a jikinta. Yaron ya yunƙura zai bi ta ƙofar gefe, na danne gwiwarsa, domin gudu ne zai tabbatar masu da laifi. Na tashi da kaina na ɗauko wayar.

Da Larabci na yi magana. Na ce wayar ɗana ce, bai san harshen waƙar ba, kuma maraya ne, a nan ƙofar kuka ɗauki gawar ubansa zuwa Harami. Liman ya dube shi ya ce ya karanta kalmar shahada. Ya karanta. Liman ya ce ya goge waƙar a gaban kowa. Ya goge, ya goge sauran ma.

Ɗan Sham ya sassauta, amma wanda ya ce a kira masu sintiri bai gamsu ba.

"To, ina iƙamarsa?"

Sai ladanmu, wani tsoho ɗan Damagaram, ya ce, "Malam, in aka fara tambayar iƙama a nan, gobe da ginshiƙai za ka yi jam'i."

Aka yi dariya, ba mai yawa ba. Mutane suka fara neman takalmansu, mai tambayar ya tsaya a ƙofa yana kallon yaron har muka fita.

Bai kwana a gida ba ranar. Kafin mako ya zagayo ya kama ɗaki a unguwar Ka'akiyya, inda ba a san fuskarsa ba. Ba a kama shi ba, amma bai sake zama a Mansur ba. Tun daga nan mahaifiyarsa ce ke hawa mota ta je ta gan shi.