Filtar da na ɗaura wa motar Kawu

Shekara ta biyu da ba mu jihar Kebbi, kawuna ya miƙa mini makullin babbar motarsa. Idonsa ya fara hazo, tuƙi ya gagare shi. A gaban mutane ya faɗa mini cewa ranar da injin nan ya tafasa a hannuna, ranar zan ajiye makulli. Tsohuwar mota ce mai shan gas, aikinta kwasar albasa daga Aliero da gero daga Maiyama zuwa Jega. Ni kuwa ban da tuƙi ba abin da na iya, ga mata ga 'ya'ya biyu.

Tsoron wannan magana ne ya kai ni wurin wani bakanike a Sabon Garin Jega. Ya leƙa lagireto, ya ce ruwan rijiya da na gulbi da muke ɗurawa duk laka ne, in sa filtar ruwa. Ni ta mai da ta gas na sani, ban taɓa jin ruwa ma yana da tasa ba. Ya ɗaura wani gwangwani a gefen inji, ya yanka tiyo ya haɗa, ya sa 'yan famfuna biyu da ake rufewa in za a canza ta. Ya ce in riƙa taɓa ta bayan tafiya: in da ɗumi tana aiki, in ta yi sanyi ta toshe. Wata shida za ta yi, in ji shi.

Bayan kwana tara ta yi sanyi ƙalau. Abin da ya fi ɗaure mini kai, lagireton da ban taɓa ganin yana zuba ba ya soma tsattsafo. Na canza filta. Mako guda ta sake toshewa, yoyo ya ƙaru. Na daina ɗiban ruwa a kan hanya a Mungadi, na koma tace na famfo da ƙyalle kamar mai dama kunu. Duk a banza. Na zargi bakanike, na zargi direbobin tasha da sa mini hannu, har kaina na zarga. Wata rana a Alelu, da lodin albasa, allurar zafi ta haura sai da ta kusa taɓa ja. Bokiti huɗu na roƙa a bakin rijiya na ɗura mata.

Filta ta uku na kai wa bakanike a fusace, na jefa masa a gaba. Ya sa zarto ya raba ta biyu. Sai ga wani abu kore yana yauƙi. Ya shinshina, ya dube ni.

"Malam direba, wa ka yi ma motarka miya? Wagga ai kuka ta."

Na shinshina ni ma. Kuka ce, ba tantama. Na koma gida na rasa wa zan tambaya ba a ce na zautu ba.

Washegari na yi sammako fiye da kullum. Na tarar da Kawu a tsaye kan bamba a gaban motar, ya buɗe murfin lagireto da lalube, yana ɗebo wani gari daga aljihu yana zubawa.

"Kawu, mi kaka zubawa?"

Ya firgita, sannan ya daure fuska. "Kuka. Shekara ashirin da ita nika toshe ƙananan huji. Dā tsunkule guda ka kai ni wata. Tun da kas sa gwangwanin nan kullum sai na ƙara, ban san inda taka zuwa ba."

Ashe shi yana zubawa, filtata tana tsincewa, kowannenmu yana ta fama da aikin ɗan'uwansa. Na rasa dariya zan yi ko faɗa.

"To mi ya hana ka gaya min?"

Ya ce, "Na riga na yi magana gaban mutane. In tat tahwasa dole in amshe makulli, kuma ba ni son amsa."

Kunya ta rufe ni, tausayinsa ya kama ni. Na miƙa hannu na rufe famfunan nan biyu, don ruwa ya daina bi ta filtar. Sannan na hau bamba na kama hannunsa na kai shi daidai bakin lagireto, don rabin garin a ƙasa yake zuba, shi bai gani ba.