Daminar da Ban Yi Huɗa Ba

Na sha wuya a shekarar nan, wuya irin wadda ba ka da wurin da za ka nuna wa mutum ka ce nan ne ke ciwo. Da ƙafa ce ta karye, da an kai ni wajen mai ɗori an huta. Ni kuwa jikina garau, hatsi yana rumbu, yara lafiyarsu ƙalau, amma tashi daga kan tabarma ya gagare ni.

Ni manomi ne a wani ƙauye tsakanin Roni da Gwiwa. Karatuna bai wuce allo da 'yan shekaru a firamare ba, don haka abin da ya same ni kawai zan faɗa. A wajenmu ba kowa ke da shanun huɗa biyu ba. Mai bijimi ɗaya sai ya nemi wani mai ɗaya su haɗa a karkiya, yau a yi gonar wannan, gobe ta wancan. Abokin haɗina wani Bafulatani ne da iyayensa suka zauna a gefen garinmu tun muna yara. Nasa bijimin a dama, nawa a hagu. Shi ke gaba da igiya, ni ina baya da garma. Shanun sun sha tsufa muna sayarwa muna sayen ƙanana muna horarwa, amma haɗin namu bai taɓa rabuwa ba. Kuma kullum cikin faɗa muke. Ya ce ina riƙe garma kamar mai tsoron ta cije shi, in ce ai wanda bai iya komai ba shi ake ba igiya. A haka rana take yi.

Bayan an gama yankan dawa zazzaɓi ya kwantar da shi. Kafin a ankara ya cika. Ina cikin waɗanda suka haƙa kabarinsa. A zaman makoki ni ke shimfiɗa tabarmi, ni ke cika butoci, ni ke nuna wa baƙi inda 'yan'uwansa suke zaune don a yi musu gaisuwa. Ni ma na durƙusa na yi musu. Da aka zo rabon gado aka kai bijiminsa kasuwar Babura. Ban ga laifin kowa ba, haƙƙin marayu ne.

Abin bai kama ni nan take ba. Sai da rani ya yi nisa na lura tuwo ba ya min ɗanɗano. Na daina zuwa majalisar da muke zama bayan la'asar, don surutun mutane gajiyar da ni yake yi. Lokacin kai taki gona ya zo ya wuce, takin yana jibge a bayan gida. Yaro ya yi dariya kusa da ni sai in daka masa tsawa. Barci ba ya isata, kuma in na tashi ba abin da nake so in yi. Mai ɗakina ce ta koma ba bijimina ruwa da harawa, ita da ko kusa da turkensa ba ta zuwa a da.

Ruwa ya sauka ban fita ba. Ƙanena ne ya shuka min wani ɓangare na gonar, ciyawa ta cinye sauran. Ina jin ƙarar shanun mutane suna wucewa da safe, nawa yana turke yana kallon hanya.

Magani kam an yi min. Na sha rubutu. An turara min hayaƙi har idona ya yi ja, domin wata gwaggona ta rantse sammu ne. Wani ya ce shawara ce, aka dafa min sassaƙe mai ɗacin da har yanzu in na tuna sai na tofar da yawu. Wanda ya fi yi min ciwo shi ne wani dattijo da nake ganin girmansa, da ya ce duk wannan ƙarancin tawakkali ne, mutum ba ubanka ba, ba ɗanka ba. Na yarda da shi. Na ƙara salla, na ƙara istigfari, nauyin bai ragu ba, sai na ƙara da jin cewa ko Allah ma fushi yake da ni.

Da bazara ta sake zagayowa ƙanena ya zo ya zauna a zaure, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya ce bijimin ci kawai yake ba aiki, harawa ta ƙare, gara a sayar tun yana da jiki. Gonar kuma a ba wani aro, kada ta sake kwana. Gaskiya ya faɗa. Na kuma san manomin da ya sayar da bijimi ya ba da gona aro a shekaruna, da wuya ya sake komawa. Na ce masa zan duba. Ya ce, "Yaya, hadari fa ba ya jiran dubawa."

Mai ɗakina ce ta matsa sai na je asibiti a Kazaure, don ta ji ina yawan cewa ƙirjina ya yi nauyi. Ta yi zaton hawan jini ne. Aka auna ni, aka ɗebi jini, aka ce ba komai. Matar da ta duba ni ta yi min 'yan tambayoyi kan barci da cin abinci, sannan ta tura ni wani ɗaki a ƙarshen baranda. Na tarar da wani malamin asibiti, matashi, da kujeru biyu. Babu allura, babu ƙwaya a kan tebur. Ya ce aikinsa magana ce. Raina ya ɓaci. Na ce in magana ce ai muna da ita a ƙauye har ta yi yawa, ba sai na sha kwaramniyar babur ba.

Ya yi dariya ya ce tunda na riga na zo in zauna in huta. Bai ce in yi haƙuri ba. Wannan shi ne abin da na fara lura da shi, domin na gaji da kalmar nan. Ya tambaye ni sana'ata, ya tambayi yadda ake haɗin shanu, ya ce shi a gari ya tashi. Na fara ba shi amsa a gajarce. Ban san yadda aka yi ba sai ga ni ina ba shi labarin ranar da bijimin abokina ya tsinke ya shiga gonar gyaɗar liman. Rabona da in ambaci abokin nawa da bakina tun ranar da aka binne shi.

Da na gama sai ya ce, "Baba, da ya rasu, kai wa ya yi maka gaisuwa?"

Na ce ai ni ba ɗan'uwansa ba ne. Ya ce ya ji, amma wa ya yi min. Ba wanda ya yi min. Na yi kuka a gaban yaron da na isa in haifa. Bai ce in daina ba, bai kuma kawar da kai ba. Da na nutsu ya ce Allah ya jiƙansa, ya ba ni haƙurin rashinsa, kamar yadda ake faɗa wa mai gawa.

Ranar ya bayyana min abin da ke damuna. Ya ce baƙin ciki daban, kowa na yi, yakan zo ya lafa. Amma in ya zauna ya hana ka ci da barci da aiki, ya sa ka ga kanka ba ka da amfani, to ya zama ciwo, ciwon damuwa ake ce masa. Yana kama malami, yana kama jahili, ba ruwansa da yawan salla. Ya ce in ci gaba da addu'ata, ba ta hana magani ba. Ya tambaye ni kai tsaye ko na taɓa tunanin hallaka kaina. Na ce a'uzubillahi. Ya ce tambaya ce da yake yi wa kowa. Na ce ban taɓa nufin haka ba, amma akwai safiyar da nake jin haushin na farka. Ya ce in tunanin ya taɓa wuce nan kada in jira ranar dawowa, in faɗa wa wani a gida a kawo ni.

Na ci gaba da zuwa. Ba zan ce kullum da son raina ba. Wata rana in dawo na fi yadda na tafi gajiya, in rantse ba zan koma ba, mai ɗakina ta kira ɗan acaɓa ba tare da ta tambaye ni ba. Aikin da yake ba ni ƙanana ne har suna ba ni kunya. Wai in riƙa ba bijimin ruwa da hannuna, ko ba na so. In je majalisa in zauna ko ban ce uffan ba. Ya ce kada in jira sai na ji daɗi kafin in motsa, motsin ne ke fara zuwa. In na ce ni na gama yawo, ba ni da wani amfani, sai ya tambaye ni wa ya faɗa, ni ko ciwon. Ya kuma ce in maganar ba ta isa ba akwai ƙwaya da likita zai iya haɗa min, ba abin kunya ba ne.

Wani zuwa da na yi, gabas ta riga ta fara haɗa hadari. Na faɗa masa maganar ƙanena. Bai ce in sayar ba, bai ce kada in sayar ba. Ya tambaye ni ko babu wani mai bijimi ɗaya a kusa. Na ce akwai, wani a unguwar da ke bayan rafi, tun bara yake aiko min ina ƙin amsawa. Ya ce me ya hana. Na ce gani nake in na ɗora karkiyar nan a wuyan wani bijimi, kamar na ce marigayin bai taɓa rayuwa ba. Ya ce to in shi ne ke raye ni na mutu, so nake ya bar gonarsa ta kwana? Na ce da na ci masa mutunci daga kabari. Shi ne karo na farko da na yi dariya a ɗakin nan, ko da yake ba ta yi nisa ba.

Da yamma na tarar da ƙanena ya zo da dillali suna zagaya bijimin. Na ce su bar shi tukuna. Ƙanena ya dube ni, bai yi gardama ba, ya sallami mutumin. Bayan sun tafi na zauna na faɗa wa mai ɗakina abin da muke tattaunawa a asibiti, wanda ban taɓa yi ba. Ta ce ta daɗe da sani, tsoro take ji ta ambaci marigayin in fashe.

Washegari nauyin yana nan a ƙirjina, bai je ko'ina ba. Na yi sallar asuba, na ba bijimin ruwa, na sauko da karkiyar daga saman rumfa. Gara ta ci gefe ɗaya amma za ta yi. Na saɓa ta a kafaɗa, na kwance igiya daga turke. Bijimin ya yi ƙiba ya manta tafiya, sai da na yi ta jan sa muna hutawa. Muka tsallake rafin, na tsaya a ƙofar gidan mai bijimi ɗayan nan na yi sallama.