Wanzamin Da Ya Shiga Daji Neman Sulhu

Awaisu wanzami ne a wani ƙauye gabas da Kafur, gajere, mai yawan dariya, ga surutu idan ya kama kan mutum. Tun yana saurayi yake zaga rugage da zabirarsa, shi ne askin suna, shi ne kaciya. Da rikici ya ɓarke tsakanin ƙauyen da mutanen daji, dole ƙafarsa ta ɗauke.

Ɗanjuma, shugaban 'yan sa-kai, ya ja matasa suka shiga daji da bindigogin toka, wai sai sun ga bayan kowa. Da gawarwaki suka dawo. Daga nan gonakin bakin rafi suka koma saura, ba mai iya sa fartanya.

A ƙofar mai unguwa Ɗanjuma ya ce a sake shiri. Awaisu ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, Manu da ke jagorantar mutanen dajin ni na yi masa askin suna. A bar ni in je."

"Da waɗanda suka kashe mana ƙanne za ka zauna?" in ji Ɗanjuma.

"To da wa ake sulhu, Malam Ɗanjuma? Da aminai?"

Da hantsi Awaisu ya hau kekensa, matarsa Ladidi na bin sa da faɗa har bakin hanya. Amma zumuɗi ya hana shi juyawa.

Manu na ganin sa ya sauke bindiga ya ce, "Baba wanzam, kai ne da kanka?" Ya zauna a tabarma, Awaisu ya jiƙa masa kai. Aska na tafiya, Manu na zayyano nasu ƙorafin: an nome burtalin shanu, an hana matansu shiga kasuwa, an kashe yayansa ba laifin komai.

Awaisu ya yi ta kai-komo har aka daidaita. Aka buɗe burtali, su kuma suka janye daga gonaki.

Ranar da matan ruga suka shigo kasuwa da ƙoren nono, Awaisu ya bar wani da rabin aski ya ruga kallo, yana ta tafa hannu kamar yaro.

Har yau Ɗanjuma cewa yake sulhun ba zai ɗore ba. Amma bana masararsa ta bakin rafi ta fi ta kowa kyau.