Janaretan da Ya Soya Ƙosai da Azumi

Shekara biyu na yi ina fama da binciken yadda tsohon man suya zai zama man inji. A takarda abin ba wuya. Ka tace man, ka zuba masa metanol, ka barbaɗa garin da zai hanzarta haɗuwarsu, ka ɗumama kana juyawa. Nawa garin da ɓawon ƙwai nake yin sa, in ƙone shi har ya yi fari fat. Duk masu shayin Sharada sun san ni da buhuna, kuma na tabbata rabinsu sun ɗauka boka ne ya aiko ni.

Man ne ya ba ni wuya, domin masu ƙosai ba sa zubar da mai. Wata dattijuwa da na roƙa ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ɗan nan, wa ya gaya maka mai yana tsufa?" Dole na riƙa kai mata sabo tana ba ni baƙin, tana yi mini kallon tausayi.

Wurin aikin ma aro ne. Wani Alhaji mai kamfanin robobi ya ba ni ɗan sito a bayan masana'antarsa, ya gindaya sharaɗi. Ranar da ya sa, idan maina ya riƙe janaretansa daga safe zuwa la'asar, ɗaki ya zama nawa. Idan ya gaza, in kwashe kwalabena. Ba ni da wani wurin zuwa, kuma gaskiya a tsorace nake.

Na auna kaurin man, na auna ruwan da ke cikinsa, na sake aunawa. Kalanda ce kawai ban duba ba. Ranar ta faɗo tsakiyar azumi.

Janareta ya tashi lafiya lau, har na fara hura hanci. Wajen sha biyu sai ga ma'aikata suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowa hanci a sama. Ashe hayaƙin salansa ƙamshin ƙosai yake zubawa, na gaske, har da albasarsa. Wani ya leƙa bayan tankin ruwa yana neman mai suyar. Wani ɗan Jigawa ya toshe hanci da hula ya ce, "Malam, ka ji tsoron Allah! Da tsakar rana?" Aka taso limamin masallacin kamfanin a ji ko shaƙa tana karya azumi. Ya ce in ba da gangan ba ne babu komai, ya faɗa yana haɗiyar yawu. Ni kaina cikina kuka yake yi.

Da la'asar Alhaji ya iso. Injin ko tari bai yi ba, amma manaja ya riga ya tare shi da ƙorafin cewa yau babu wanda hankalinsa ke kan aiki. Alhaji ya tsaya, ya shaƙi ƙamshin. Na fara tunanin ɗan sahun da zai kwashe mini kaya.

Can ya ce, "Malam, wannan bututun hayaƙin, ana iya juya shi?"

Na ce, "Ana iyawa, ranka ya daɗe."

Ya nuna katangar maƙwabcinsa, wanda shi ma robobin yake yi.

"To, a juya shi can. Ɗaki naka ne."