Ramuka Takwas da Kurma Ya Ƙi Hudawa

Shekara talatin da ɗaya Kurma ya yi yana walda, kuma a bakin aikin kunnuwansa suka tafi. Ƙarar injin gurza ƙarfe ta cinye na hagu gaba ɗaya, ta bar masa rabin na dama. Sunan da aka laƙaba masa bai taɓa damun sa ba. Matarsa ma cewa take kurumtar ta zaɓe ce, don ba ta taɓa kiran sa cin abinci sau biyu ba.

Abin da kunne ya rasa, tafin hannu ya ɗauka. Idan aka ɗora azarar ƙarfe, irin doguwar nan da ke riƙe bene, sai ya sa a buga mata guduma a tsakiya, shi kuma ya dafa ta ya runtse ido. Mai ƙwari kyarma take yi da sauri-sauri. Wadda aka raunana kuwa lilo take a hankali, kamar mai gyangyaɗi. Abokan aiki suna tsokanar sa da likitan ƙarfe, amma in an zo kan azara shi suke jira.

Yawancin shekarunsa a wata rumfar kwano ya yi su a bakin titi, yana haɗa ƙofofi da tagogi. Sai bara mijin autarsa, wanda ɗan kwangila ne, ya ɗauke shi ya shugabanci aikin ƙarfe a wani bene da yake ginawa. A saman za a jera kekunan ɗinki arba'in masu aiki da lantarki. Wannan ne karo na farko da Kurma ya samu aiki tsayayye a inuwa, da mutum shida a ƙarƙashinsa, ga kuma alkawarin wasu gine-gine biyu a gaba.

Ana saura kwana huɗu a miƙa gini, masu sa bututun sanyaya ɗaki suka tarar babu inda za su bi, domin rufin ɗakin ƙasa ya yi kusa da kai. Suka ɗauki alli suka zana ramuka takwas masu kusurwa huɗu a jikin kowace azara, kusa da kusa, biyu ma dab da ginshiƙi. Surukin ya duba ya ce a yanka.

Kurma ya kashe wutar yankan ya rataye tiyo. Ya ja surukin gefe ya nuna masa azarar: leɓe a sama, leɓe a ƙasa, da faffaɗan bango a tsakiya wanda ke haɗa su su ɗauki nauyi tare. Ya ce in aka ɓarke bangon nan haka, ƙarfen zai rage nauyi, amma ƙwarin da zai rasa ya fi nauyin da zai sauke. Girgizarsa za ta rage sauri har ta zo daidai da takun mutane da bugun kekuna, daga nan kuma bene ya kama rawa. Bai ce ginin zai rushe ba, don bai san haka ba. Ya kawo shawarar a huda uku kawai, masu zagaye, nesa da ginshiƙi, a yi wa kowanne zoben ƙarfe, kuma sai injiniya ya gani ya sa hannu. Aikin kwana tara ne.

Surukin ya ce kwana taran ne babu. Ya matso wajen kunnen dama ya rage murya.

"Baba, ku dubi girman Allah. A gaban ma'aikatana za ku ƙi mini magana?"

"Kai ɗana ne a gida. A nan kuwa mata arba'in ne za su zauna a kan abin da na yanka. Ka kawo injiniya, in ya ce a huda takwas, in huda tara."

"To, Baba, in ba za ku yi ba, akwai masu yi."

"Da yawa ma. Ka dai nemo musu wuta, wannan tawa ce."

Ya naɗe tiyonsa, ya tura tukwanen gas biyu a baro har bakin ƙofa. Cikin mutanensa shida babu wanda ya yarda ya yanka, amma babu wanda ya bi shi. Washegari aka kawo wani daga waje ya huda duka.

Ginin yana nan tsaye har yau. Masu ɗinki sun ce idan kekuna suka tashi gaba ɗaya, almakashi tafiya yake da kansa a kan tebur, wasu kuma jiri ke ɗibar su kafin azahar. Bayan wata biyar aka kira injiniya, ya sa aka toshe biyar daga ramukan kowace azara da farantan ƙarfe, aka sauya wa bututun hanya.

Ko a lokacin ba a kira Kurma ba. Sai da za a fara gini na biyu autar ta zo rumfa da saƙo, ta same shi durƙushe a kan wata ƙofa. Ta ce mijinta ya ce gurbinsa yana nan, abu ɗaya kawai ake so: ya zo gaban ma'aikata ya ce ranar nan ya yi zafin kai. Ta roƙe shi, ta ce ya dubi shekarunsa da wannan rana da yake sha.

Ya ɗaga gilashin waldar da ke fuskarsa ya dube ta.

"Auta, ki gaishe shi, ki ce ya turo mini jikokina ranar hutu. Amma ni ban yi zafin kai ba, ƙarfe na auna. In na tsaya gaban mutanen nan na ce ƙarya na yi, gobe wa zai ƙi yankawa?"

Ta ce to aikin fa? Ya ce a ba wani. Ya sauke gilashin, ya ce ta juya baya kada wutar ta taɓa mata ido.